Daga Riruwai Zuwa Dala: Nisan da Ke Tsakanin Naƙasasshe da Haƙƙinsa

Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar shan inna ta kama a Jihar Kano ɗan ƙaramar hukumar Sumaila ne, maƙwabciyar Tudun Wada, kuma a watan Yulin 2014 abin ya faru. Shekara shida bayan nan, ranar 25 ga Agustan 2020, aka bayyana cewa Afirka baki ɗayanta ta rabu da wannan ƙwaya. Duk wanda ya zauna a kudancin Kano a waɗancan shekaru ya ga yadda aka yi aikin. Mata sanye da hijabi, da akwatin ƙanƙara rataye a kafaɗa, sun bi gida-gida, sun shiga rugage a gefen dajin Falgore, sun tsaya a tashar mota da bakin kasuwa. Su ɗiga wa yaro magani, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su rubuta lamba da alli a jikin bango, su wuce gida na gaba. Mai unguwa na gaba, dagaci na sa ido, hakimi na karɓar rahoto. Har rayuka aka rasa, domin a watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a cikin birnin Kano, amma aikin bai tsaya ba.

Wannan aiki ya tabbatar da cewa idan hukuma ta sa kanta, babu ƙauyen da ya yi mata nisa. To amma yaran da cutar ta riga ta shanye wa ƙafa fa? Waɗanda ta kama a shekarun 1990, da waɗanda ta kama bayan gwamnatin jiha ta dakatar da rigakafin a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, yanzu samari ne da 'yan mata, wasu magidanta. Suna nan a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Tawagar da ta ƙwanƙwasa ƙofar gidajensu sau da yawa a shekara don ƙannensu ba ta da gurbi a takardarta na wanda ke rarrafe a tsakar gida. Kuma babu wata tawaga makamanciyarta da ta biyo baya domin su, ko domin makaho, ko kurma, ko wanda haɗarin mota ya karya wa laka. Abin da nake son faɗa ke nan: a wannan yanki, babban shingen da ke gaban naƙasasshe shi ne duk abin da zai tallafe shi an ajiye shi a birni, abin da aka bar masa a gida kuwa sadaka ce kawai.

Mu dubi shimfiɗar ƙasar. Bebeji ce ke da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Audu Bako, wadda ruwanta ke raya noman rani har su Kadawa da Kura. Kiru na da Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, da kasuwar Kafin Maiyaki. Tudun Wada ƙasar shinkafa ce. Doguwa kuwa sai an keta dajin Falgore ake isa cikinta, ga duwatsu, ga Riruwai da tsofaffin ramukan kuza, can kan iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi. Mutumin Riruwai ya fi kusa da Saminaka a kan Kano. Yanzu a jera wuraren da mai lalura ke buƙata. Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana birni. Asibitin ido na ECWA, da ke aiki tun 1943, yana Sabon Gari. Makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki tana birni. Asibitin masu taɓin hankali yana Dawanau, na kutare yana Yadakunya, sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman yana Jami'ar Bayero. Babu ɗaya daga cikinsu da yake kudu da Kwanar Ɗangora.

A baki, «a kai shi Dala» kalma huɗu ce. A aikace kuwa, ga abin da take nufi ga manomin da ya faɗo daga kan babur a wani ƙauyen Doguwa. Sai an fara samun abin da zai fitar da shi bakin titi, galibi wani babur ɗin ne, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya, da karayar da komai. A bakin titi a jira mota. Ba zai iya matsuwa kamar sauran fasinja ba, don haka kuɗin mutum biyu ko uku ne, ga na mai rakiya. Idan yana da keken guragu, kaya ne, shi ma da nasa kuɗin. A isa birni rana ta yi, an riga an gama ba da kati, sai a nemi wurin kwana. Idan an ga likita, a ce hoto, a ce gwaji, a ce a dawo bayan mako kaza. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kowane mataki a cikin waɗannan ya ninka. Iyalin da za su iya wannan zirga-zirga sau ɗaya ba lalle su iya ta biyu ba, gashin ƙashi kuwa ba a yin sa sau ɗaya a warke.

Shi ya sa ake zuwa wurin mai ɗori, kuma ban ga laifin wanda ya je ba. Mai ɗori yana kusa, ya san gidanku, zai karɓi abin da ya sawwaƙa ko ya jira kaka, kuma karaya da yawa sun warke a hannunsa. Sai dai likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kuka da abu ɗaya: yaran da ake kawo musu bayan an ɗaure hannu ko ƙafa da karare tamau har jini ya daina gudu, naman ya mutu, babu abin da ya rage sai yankewa. Yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya tashi da dungu har ƙarshen rayuwarsa. Haka yanar ido, wadda aikinta bai kai awa guda ba, take zaunar da dattijo a ɗaki shekara da shekaru, a cire jika daga makaranta ya zama ɗan jagora. Nisa ba wahalar da naƙasasshe kaɗai yake yi ba, ƙirƙirar sababbi yake yi.

Ko keken da ake rabawa a wurin taro, da 'yan jarida da hotuna, yawancinsa irin na cikin asibiti ne, wanda aka ƙera don shimfiɗaɗɗen siminti. Ƙananan tayoyinsa na gaba ba sa tafiya a yashi, ba sa fita daga taɓon damina, idan kuma wani ƙarfe ya karye babu mai sayar da irinsa a kasuwar ƙauye. Keken da ke aiki a karkara shi ne mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ke ƙerawa a cikin Kano. Da kayan keke na yau da kullum ake haɗa shi, don haka duk mai faci da mai gyaran keke a Yako ko Daɗin Kowa zai iya taɓa shi. Guragu ne da kansu suka gano wannan, su ke walda, su ke fenti. Su ne kuma suka ƙirƙiro ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi ya assasa a 1988, ake buga ta da hannu a kan ɗan katako mai taya, har ta bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka. Basira ba ta yi musu ƙaranci ba. Amma ita ma wannan masana'anta a birni take.

Batun makaranta ya fi komai ci mini rai, saboda a nan ake yanke wa mutum hukuncin rayuwarsa tun bai san ana yi ba. Kurumta a ƙasar nan sau da yawa ba da ita ake haihuwa ba. Sanƙarau ne, ko ƙyanda, ko zazzaɓi mai zafi, ko ciwon kunne da aka bari ya ruɓe. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum 10,000 a Najeriya, ta bar wasu da dama ba sa ji, kuma a cikinta ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara 200 a Kano, abin da ya dasa rashin yardar da ya dawo ya cuci rigakafin shan inna. Yarinyar da ta kurmance tana da shekara huɗu a wani ƙauyen Kiru, ina za ta yi karatu? A firamaren garinsu malami ɗaya ne a gaban aji maƙil da yara, yana magana yana fuskantar allo. Za ta zauna zango ɗaya ko biyu tana kallon baki na motsi, sannan a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, a ɗora mata talla. Zaɓi na biyu shi ne a ɗauki 'yar shekara bakwai a kai ta makarantar kwana a birni, inda uwarta ba za ta gan ta ba sai hutu, yarinyar da idan an cuce ta ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Uwar da ta ce a'a ba jahilci ne ya sa ta ba.

Abin takaici, kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kafin zuwan boko. Maganar hannu cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa, wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kansa a shekarar 2000. A kasuwannin ƙauye za ka ga masu ji da yawa sun iya ciniki da kurma ba tare da wata wahala ba, abin da ba kasafai ake samu a manyan biranen duniya ba. Harshen da ake koyarwa a makarantu kuwa tushensa na Amurka ne, ta hanyar Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Wato akwai tushen da za a ɗora gini a kai a kowane gari. Abin da babu shi ne malamin da aka horar aka turo, aka kuma biya shi ya zauna.

Ga gurgu kuwa, abin da ke korar sa daga makaranta sau da yawa ba aji ba ne, masai ne. Ba a son faɗar wannan a taro, amma dole a faɗa. Yaron da ke tafiya da hannuwansa, idan ya matsu, a kan me zai dafa ya shiga bayan gidan makarantar da ɗaruruwan yara ke amfani da shi, babu ruwa? Da waɗannan hannuwa zai dawo ya riƙe fensir, da su zai ci abinci. Don haka sai ya ƙi shan ruwa tun safe, ko ya riƙe har a tashi, ko wata rana abin ya kufce masa a gaban 'yan aji, daga ranar ba zai sake komawa ba. Ga 'ya mace da ta fara girma abin ya fi haka tsanani. An ayyana ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ana gyaran azuzuwa ana sayen kujeru. Ina fata duk injiniyan da ke sa hannu a takardar kammala aiki ya tsaya a ƙofar masai ya tambayi kansa ta yaya mai rarrafe zai shiga.

Sai masallaci, kuma a nan laifin ba na gwamnati ba ne, namu ne. Mun san tarihin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka. Ladani ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya riƙe Madina idan zai yi tafiya. Ba a bakin ƙofa aka ajiye shi da ƙoƙo ba, amanar gari aka ba shi. A ƙasar Hausa ma makanta ba ta hana Aliyu Namangi na Zariya zama malamin da waƙarsa ta Imfiraji ta shiga kowane gida ba, kamar yadda ba ta hana Jibrin Isa Diso zama farfesa a Jami'ar Bayero ba. Amma je ka masallacin Juma'a a kowanne daga garuruwan nan ka duba inda naƙasassu suke. Suna waje, a jere, a hanyar fita. Sababbin masallatan da ake ginawa da kuɗin jama'a ana ɗaga su sama da matattakala uku ko biyar, a lulluɓe da tayil mai santsi, wurin alwala kuma sai mai iya tsugunawa a kan dakali. Kurma yana zuwa Juma'a shekara arba'in bai taɓa sanin abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Kwamitin masallaci ba ya buƙatar izinin Abuja kafin ya zuba gangara a ƙofa ɗaya, ko ya tsayar da wani matashi ya riƙa fassara huɗuba da hannu a gefe guda.

Mu mutane ne masu sadaka, kuma ba na raina wannan. Ita ce ta hana mutane da yawa kwana da yunwa a inda hukuma ba ta san da su ba. Amma mu duba yadda muke yin ta. Sau da yawa buƙatar mai bayarwa ce a gaba: zai yi tafiya, ko yana da mara lafiya, ko an ce masa ya ba makaho ko kuturu abu kaza. A irin wannan tsari ana buƙatar naƙasasshe ya kasance a inda za a same shi, da hannu a miƙe. Ba a tambayar sa me ya iya. Alhali a yankin da ake ɗaga buhunan shinkafa da masara kamar Tudun Wada da Doguwa, zakkar amfanin gona kaɗai dukiya ce babba, ɗaya bisa goma a noman damina, ɗaya bisa ashirin a wanda aka sha wahalar ban ruwa. Idan ana rarraba ta kwano-kwano, kafin wata guda ta ƙare, mai karɓa na nan inda yake. Da manoman gari ɗaya za su haɗa tasu su saya wa mutum biyu injin markaɗe ko keken ɗinki ko jarin tireda a kowace kaka, da cikin 'yan shekaru layin ƙofar masallaci ya ragu. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma wannan aikin na liman da dagaci da manyan manoman gari ne kafin ya zama na kowace hukuma.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin gida, wanda ba ya zuwa gaban alƙali. Shari'a ba ta rage wa magaji ko taƙi ɗaya saboda makanta ko gurguntaka ba. Amma sau nawa ake raba gado a ce gonar wane «a riƙe masa» tunda ba zai iya nomawa ba, riƙon da ba ya ƙarewa, a riƙa ba shi abin da aka ga dama da kaka kamar alfarma ake yi masa? Mai gona da ba ya iya riƙe fartanya yana iya ba da haya ko ya sa 'yan ƙwadago, kamar yadda kowane attajiri ke yi. Mace kuwa nata ya ninka. Idan aure ya zo, ana ganin an yi mata gata, don haka ba ta da bakin zaɓe. Idan ciki ya zo, gadon awo ya fi ƙarfin hawanta, wata ma'aikaciyar ma har ta tambaye ta me ya kai ta. Kurma a ɗakin haihuwa ba ta jin umarnin unguwar zoma, ba a kuma fahimtar abin da take nunawa. Yarinya mai taɓin hankali ko galahanga ita ce wadda mugu ya fi nema, domin ya san ko ta faɗa ba za a ɗauki maganarta ba.

Idan an haɗa waɗannan duka, ba abin mamaki ba ne mutum ya tattara ya nufi birni. A can akwai danja da cunkoson motoci, akwai unguwannin da 'yan uwansa suke, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, tsarin da ya daɗe yana karɓar baƙo ya ba shi masauki ya sasanta rigimarsa. A can kuma doka ke jiran sa. Tun 2013, a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, aka haramta bara a titunan Kano, kuma gwamnatocin da suka biyo baya sun ci gaba da sa Hisba kamen mabarata lokaci bayan lokaci. A kama mutum, a yi masa nasiha, a mayar da shi garinsu, wato wurin da ya baro saboda babu komai. Bayan mako biyu ya dawo. Ba na goyon bayan bara, kuma naƙasassu masu sana'a sun fi kowa ƙin ta, domin ita ke sa a miƙa musu naira hamsin alhali sayayya suka zo yi. Amma wanda ya hana bara a Kano bai buɗe wata ƙofa a Doguwa ba, rabin aiki ya yi.

Dokoki kam akwai su. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar jiha a ƙarshen 2018. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a ta tarayya ranar 23 ga Janairun 2019, wadda ta haramta nuna wariya, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ce a fara sallamar naƙasasshe a layi, ta hana amfani da shi wajen bara, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, kuma a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan na Filato, wanda shi kansa shan inna ta shafa, ya shugabance ta. Dokar tana da kyau, sai dai wanda ya karanta ta zai ga birni ne a idon marubutanta: benaye, na'urar hawa bene, manyan motocin haya, filin jirgi, wurin ajiye mota. A Doguwa ginin gwamnati shi ne sakatariya, da asibitin sha-ka-tafi, da firamare, da kotun shari'a, da ofishin 'yan sanda. Abin hawa shi ne babur da tsohuwar mota mai ɗaukar mutum goma. Babu wanda ya zauna ya fassara dokar zuwa wannan rayuwa.

Ko yawan naƙasassu ma ba a ƙidaya ba. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na da wata naƙasa mai tasiri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 7 cikin 100 na 'yan shekara biyar zuwa sama suna da wata wahala wajen gani, ji, magana, tafiya, tunani ko kula da kai. Kowanne aka ɗauka, a ƙananan hukumomi huɗu masu yawan jama'a irin waɗannan, maganar dubun dubatar mutane ake yi.

Dubun dubatar ƙuri'u ke nan, kuma a yankin da ba a raina shi a siyasa. Alhassan Ado Doguwa ya fara zuwa majalisar wakilai tun 1992, ya riƙe shugaban masu rinjaye daga 2019 zuwa 2023. Abdulmumin Jibrin Kofa na Kiru da Bebeji ya shugabanci kwamitin kuɗi, daga baya na kasafi. Ba yanki ne da muryarsa ba ta kai Abuja ba, don haka daidai ne masu zaɓe su tambayi kowane wakili, na tarayya da na jiha, nawa ne daga ayyukan mazaɓa ya tafi ga abin da zai dawwama ga naƙasassu, ban da rabon kayan azumi. Matsalar ita ce naƙasassu ne suka fi wahalar isa akwatin zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda makaho ya zo da wanda ya amince da shi, hukumar zaɓe ta yi tanadin takardar jagora mai rubutun makafi da gilashin ƙara girman rubutu. Amma rubutun makafi sai wanda ya je makarantar makafi, wadda muka ce tana birni. Kuma inda zaɓe ya zama fagen sara da ƙone-ƙone, kamar yadda aka gani a Tudun Wada a Fabrairun 2023, har aka rasa rayuka aka sake zaɓe a wasu rumfuna a watan Afrilu, wanda ba zai iya gudu ba shi ne na farkon da iyalinsa za su ce ya zauna a gida. Ɗan siyasa kuwa yana lissafi ne da wanda ya fito.

Za a ce babu kuɗi. Ban yarda ba, domin yawancin abin da ake buƙata ba sabon gini ba ne. Tsarin da ya kai maganin shan inna kowane gida yana nan: ma'aikatan sa-kai, masu unguwanni, taswirar kowace mazaɓa. Zagaye ɗaya ya isa a rubuta wane ne ke da wace lalura, shekarunsa nawa, yana makaranta ko a'a. Aji ɗaya na kurame da makafi a babbar firamaren Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Riruwai, da malamai biyu-biyu daga cikin ɗaliban da Jami'ar Bayero ke yayewa, zai sa yaro ya yi karatu ya kwana a ɗakin uwarsa. Likitan ido da mai gashin ƙashi su riƙa zuwa babban asibitin yanki a rana sananniya kowane wata, maimakon mutum ɗari su bi su birni. A kawo masu ƙera keken guragu su koya wa masu waldan Kwanar Ɗangora. A zauna da shugabannin tasha a daina karɓar kuɗin kaya a kan keken da yake ƙafar mutum ne. A zauna da masu ɗori a nuna musu alamun da idan sun gani za su kwance ɗauri su tura asibiti. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye, to shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa su ne ya kamata a fara riƙewa, domin su ne ake haɗuwa da su a wurin ɗaurin aure da jana'iza.

Sharaɗi ɗaya ne: kada a yi komai a bayan idon naƙasassu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana ganin sakamakon rashin tambayar su a gangarar da ake liƙa wa wasu sababbin gine-gine don a cika sharaɗin kwangila. Wata a tsaye take har mai ƙafa biyu sai ya dafa, wata ta ƙare a bakin kwata, wata an shimfiɗa mata tayil mai santsi, wata kuma ƙofar da take kaiwa gare ta a kulle take da kwaɗo. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce duk tsayin taku ɗaya yana buƙatar gangara mai tsawon taku goma sha biyu, da faɗin da keke zai wuce, da ƙarfen dafawa a gefe. Kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe a kowace firamare ko asibitin mazaɓa, a kira mai keken guragu na garin ya hau da kansa, ba mai tura shi, ya shiga aji, ya shiga masai, ya fito. Idan bai iya ba, a riƙe kuɗin sai an gyara.